Nisan Japan Daga Ƙofar Gidanmu

Bashiru, ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uwa, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da mutanen gidan da ka sauka a Sakkwato. Allah ya tsare mini kai a zaune, ya tsare ka a tafe. Babanka ya kwana da sauƙi, ya sha kununsa da safe, yayarka Luba tana gaishe ka. Labarin gida ke nan, kuma ba shi ya sa na ɗauko biro ba.

Ka san waya ba ta yi mini. In na kira ka sai mu ƙare a "lafiya lau" da "to madalla", kafin in kamo bakin zaren sai ka ce kana layin karɓar takardu. Shi ya sa na koma ga abin da na iya. Shekarun da na yi ina koya wa 'yan aji uku rubutu ba su tafi a banza ba. Direban motar safe zai kawo maka. Ka nemi wuri ka zauna ka karanta ta duka, ban da tsallake, na san halinka da doguwar magana.

Bari in fara da abin da kunya ba ta bari in faɗa maka ido da ido. Ina alfahari da kai, Bashiru. Tun ranar da aka ce an zaɓe ka ka tafi Japan shekara biyu ka ƙaro ilimin noman shinkafa, bakina ya ƙi rufuwa. Matan da muke turara shinkafa tare sun sa ni a gaba. Ɗaya ta ce, "Ke Hajiya, shinkahwag ga da munka gada kaka da kakanni, ita za a tahi wata duniya koyo? Shi zo nan mu koya mishi kyauta!" Na ce mata, "Awo, ku kun iya dahwa ta. Shi za shi koyo yadda gona guda ka ba da na gona ukku." Aka kwashe da dariya, amma na ga irin kallon da suke yi mini, kuma ba zan ɓoye maka ba, ya yi mini daɗi. Yaron da nake turawa fadama korar tsuntsaye da gwangwani, yana tafe yana ƙunƙuni, yau shi ne mutanen wata ƙasa suka aiko wa tikitin jirgi. Alhamdu lillahi. Ko a kasuwa yanzu ba a ce mini Malama, sai dai uwar ɗan Japan, ni kuma ina amsawa.

To, ga abin da ya hana ni sukuni. Ka tuna ranar da ka zo da labarin, ka zauna a bakin gadon babanka. Tun da ciwon nan ya kama masa ɓarin jiki bara bakinsa ya yi nauyi, amma kunnensa da hankalinsa garau suke. Ka buɗe taswira a wayarka kana ja masa da yatsa: mota daga Gummi zuwa Sakkwato, ƙaramin jirgi zuwa Abuja, babban jirgi zuwa ƙasar Larabawa, a zauna jira, sannan wani ya ƙetare da kai har can gabas. Ya tambaye ka kwana nawa. Ka ce, "Baba, da jiran da komi, yini da kwana guda na. Duniya ta matse yanzu. In wani abu yat taso ku kira ni kawai, gobe kun gan ni." Ya yi maka murmushi da gefen bakin da yake motsi. Washegari ka fita da sauri don kada mota ta cika, daga bakin ƙofa ka ce masa sai ka kira. Yanzu kuma Luba ta gaya mini wai daga Sakkwato Abuja za ka wuce kai tsaye, tunda ka riga ka yi sallama.

Bayan fitarka babanka ya kira ni. Ya ce da ni, a hankali yadda yake magana yanzu, "Yaron ga ya san shinkahwa, amma bai san nisa ba." Gaskiyarsa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, kai kuwa jirgi za ka hau, sai mu gani. Ba na ganin laifinka, don ni ma na yi wannan lissafin, kuma ba sau ɗaya ba.

Shekarar da Allah ya kira ni aikin hajji, aka ce mana daga Sakkwato zuwa Jidda wajen awa biyar ne a sama. Na yi dariya har da tafa hannu. Na ce ai zuwa Nasarawa Burkullu, garinmu, in damina ta yi nisa ya fi wannan cin lokaci. Kakata takan ba mu labarin waɗanda suka tafi Makka a ƙafa, suka dawo da 'ya'yan da aka haifa a hanya har sun isa aike. Ni kuwa na ɗauka tawa tafiyar kamar zuwa biki ce. Luba ta ce za ta daka mini garin kunu ta soya ƙuli-ƙuli, na ce ta bari, wa zai ji yunwa a awa biyar? A sansanin alhazai na ga wata dattijuwa mutuniyar Anka da ƙullin yaji, da soyayyen gari, da busasshen nama, na zunguri ta kusa da ni na ce wannan ko ƙaura za ta yi. Sai ga mu muna kwana muna tashi a sansani, jirgi ya zo ya kwashi wasu, a ce mu sai na gaba. Da aka sauka can ma, wani dogon layin, wata doguwar motar. Ka san abincin wa na ci duk kwanakin nan? Na dattijuwar Anka. Ba ta taɓa yi mini gori ba, tana dai miƙo mini tana cewa, "Ci, ɗiyata, tahiyar gaba ta hi wagga nisa."

Saboda haka awannin da aka rubuta a tikiti na jirgi ne, ba na mutum ba. Mutum daga ƙofar gidansu yake fara lissafi, sai ya ajiye jaka a ɗakin da zai kwana sannan ya rufe. Ka riƙe abin taɓawa a jakar hannu, irin wanda suke bari a shiga da shi, kada ka ji kunyar kowa. Ka sa riga guda da maganin ciwon kai a ciki, ko da babbar jakar ta yi nata yawon. Ka yi alwala kafin ka hau. Gabas za ka dosa, rana za ta yi ta gudu a gabanka, kafin ka farga azahar da la'asar da magariba sun zo maka a jere. Ka je wurin malami tun kana ƙasa ka tambayi hukuncin ƙasaru da haɗa salla, kada ka bari sai kana ɗaure a kujera ka fara wasiwasi.

A can Makka ma sai da na sake tafka wata. Na yi sallar asuba, ga Ka'aba a gabana, zuciyata ta cika, na ce bari in kira babanka ya taya ni murna, ai yanzu shi ma ya dawo daga masallaci. Na manta cewa mu a can mun riga gida ganin alfijir. Bawan Allah yana tsakiyar barci ya ga lambar Saudiyya. Ko sallamata bai amsa ba, ya ce, "Ke! Wa yam mutu?" Sai da ya yi mako yana tsokanata da shi bayan na dawo. Tsakaninmu da Makka tazarar kaɗan ce. Kai inda za ka, muna asuba kun riga kun yi azahar. An ce wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, to ga ka za ka zauna cikin mutanen da suka riga duniya tashi. In za ka kira, ka kira da hantsinmu, wato yammarku. Lokacin Luba ta gasa masa jiki, ya karya, bakinsa ya ɗan sake. Daga la'asar ya gaji, zai ji ka amma ba zai iya mayar maka ba, kuma hakan yana ɓata masa rai.

Waɗannan biyun abin dariya ne. Wanda zan faɗa maka yanzu ba na dariya ba ne, kuma saboda shi na zauna rubutun nan.

Ka san kawunka Haliru, ƙanena, da kekensa na ɗinki a kasuwa, shi yake ɗinka muku kayan salla tun kuna ƙanana. Ka san ya taɓa zama a Jidda, amma ban jin an taɓa gaya maka abin da ya dawo da shi. Yana can yana ɗinki a shagon wani Balarabe, abin ya fara karɓarsa, sai Innarmu, kakarka, ta rasu a Nasarawa Burkullu. Da safe ta cika, kafin azahar an kai ta. Manya suka ce a sanar da Haliru, kuma ni ce babba, ni zan kira. Ka san yadda ake yi a wurinmu. Ba a faɗa wa na nesa mutuwa kai tsaye, sai a ce jiki ya tsananta, ya zo gida. Haka aka yi wa iyayenmu, haka muka taso muka gani, kuma tausayi ne ya kawo al'adar, don kada mutum ya yanke jiki ya faɗi cikin baƙi. Ban yi dogon tunani ba. Na ce a raina ai jirgi ne, gobe yana nan, gara ya ji a cikin 'yan'uwansa. Na daidaita muryata na ce, "Haliru, jikin Inna ya matsa, tana nemanka." Ya ce, "Tana magana?" Na ce tana yi.

Goben da na lissafa ba ta zo ba. Sai da ya yi ta roƙon maigidansa ya sake shi, sannan neman kujera a jirgi, wanda ya samu kuma Kano zai sauka. Daga Kano mota zuwa Gusau, ya kwana a tasha, daga Gusau ya bi ta Anka. Damina ce, hanyar garinmu ta jiƙe, mota ta ce iyakarta ke nan, ya hau kabu-kabu. A saman babur yana rungume da galan na zamzam, da bargo mai laushi, da dabino, da na'urar awon jini, duk na Inna. A kowace tasha yana kira, a kowace tasha ina ce masa da sauƙi, tana barci. In ka fara irin wannan magana ba ka da wurin tsayawa. Har an yi sadakar uku an naɗe tabarmi bai iso ba. Kuma ba daga bakina ya ji ba. Mai babur ɗin ne, ɗan garinmu, da ya gane ko ɗan wane ne ya ɗauko, ya juyo ya ce masa, "Ashe haka Allah yay yi da Inna. Allah shi gahwarta mata, mun yi jana'iza da jama'a."

Da ya shigo gida bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ajiye galan ɗin a ƙofar ɗakinta ya zauna a ƙasa. Sannan ya ce, "Yaya, ina Jidda hwa. Tsakanina da Ɗakin Allah tahiyar mota ta kaɗan. Da kin hwaɗa mini gaskiya, da na tahi na yi mata ɗawahi ran da anka rufe ta. Kin bar ni sama da ƙasa ina roƙa ma wadda ta riga ta tahi lahiya."  Kafin ya gama zaman makoki Balaraben ya sa wani a kan kekensa, takardunsa suka mutu, bai sake komawa ba. Ya yafe mini tun tuni, mutumin kirki ne. Amma duk ranar da na wuce ta gaban rumfarsa na gan shi a sunkuye yana zura zare, nakan tuna cewa ni na auna masa hanya da awon jirgi.

Yanzu ka ɗauki wannan ka gwada da taka tafiyar, wadda ta ninka ta Jidda ban san sau nawa ba. Mu ba ma ajiye mamaci. Wanda ya cika da safe, kafin la'asar an dawo daga rakiyarsa, kuma babanka da kansa ba zai yarda a jinkirta shi don jiran kowa ba, ko da sarki ne. Kana can kana neman kujera a waya, an gama. Kana zaune a filin jirgin Larabawa kana jiran na biyu, masu gaisuwa sun fara raguwa. Ka sauka Abuja, ka nemi na Sakkwato, ka iso da yamma, kuma ka san hanyarmu yanzu ba a binta in rana ta yi sanyi, sai ka kwana. "Gobe kun gan ni" magana ce ta ɗan halak mai son iyayensa, na ji daɗinta, amma ba gaskiya ba ce. Kada ka ɗauka ina yi wa babanka fatan tafiya. Likita ya ce masu irin ciwonsa suna shekaru, rai kuma na Allah ne, ina iya riga shi. Sai dai shekara biyu ba kwana biyu ba ce, kuma ba na son ka tafi da lissafin da zai karye maka a hanya.

Don haka ka dawo gida kafin ka wuce Abuja. Abin da ka yi a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa ba sallama ba ce, ta mai zuwa kasuwa ce. Mutanen da, in za su yi nisa, gida gida suke bi suna neman gafara, don sun san abin da nisa yake nufi. Jirgi ya rage kwanakin tafiya, shi ya sa 'yan yanzu suka ɗauka an daina bukatar wannan. Ka zo ka kwana biyu. Ka kashe wayar nan ka zauna kusa da shi ta ɓangaren hannun da yake ji. In ya fara magana kada ka ƙarasa masa, ka bar shi ya kai ƙarshe da kansa ko zai ɗauki yini. Akwai abin da yake son gaya maka game da gonar fadama, inda ruwa yake kwanciya, da tsohon irin shinkafar da ya gada wurin babansa, mai jure ambaliya. Yana son ka tambayi malamanka na can ko sun san irinsa. Yana ta maimaita mini don kada ya manta, ni kuma ba manomiya ba ce, zuwa da kai ya fi aike. In kun gama ka durƙusa ka nemi gafararsa. Shi ma zai nemi taka, kada ka ce "haba Baba" ka tashi ka gudu waje kamar yadda kuka saba. Ka tsaya ka ce ka yafe, ya ji da kunnensa. Ka biya ta rumfar kawunka ma, ya ce yana da riga mai kauri da ya ɗinka maka saboda sanyin can.

In kuma ka tafi, ka tafi ke nan sai ka gama. Ban yarda ka ji ƙishin-ƙishin ka tattara kaya ka bar karatun da Allah ya zaɓe ka a cikin dubu ya ba ka ba. Wannan ba maganata ba ce ni kaɗai. Na karanta wa babanka abin da na rubuta har zuwa nan, ya saurara idonsa a rufe, ya ce in ƙara maka da nasa: "Shi zauna shi ƙare. Addu'a ba ta hawan jirgi."

Ni kuma ga abin da na ɗaukar maka, Allah ne shaida. Ba zan yi maka abin da na yi wa Haliru ba. Na tara Luba da ƙannen babanka da kawunka Haliru na gaya musu. Sun yi ta ja da ni, wai ba a yin haka, zuciyar yaro za ta buga shi kaɗai a ƙasar da ba shi da kowa. Na ce musu ɗana ba yaro ba ne, wanda aka amince masa ya ƙetare duniya shi kaɗai zai iya ɗaukar gaskiya. Kawunka ne kawai bai ja da ni ba, ya dai share ido da bakin rigarsa. Saboda haka in ka kira na ce maka babanka yana barci, to barci yake, ka koma kan littafinka da kwanciyar hankali. In na ce da sauƙi, da sauƙin ne. In kuma ranar ta zo kana can, ni zan kira ka da bakina, ko ƙarfe nawa ne a wurinku, tun kafin a fito da shi. Zan faɗa maka kai tsaye, don ka yi alwala ka fuskanci alƙibla, ka ɗaga hannu daidai lokacin da ake tsaye a kansa. In kuma ni ce na riga, Luba ta ɗauki wannan alkawarin.

Na cika ka da surutu, hannuna ma ya gaji. Ka shigo motar safe, kada ka jira ta rana. Babanka bai ce in roƙe ka ba, ka san shi da girman kai irin na manoman fadama. Amma tun jiya ya sa aka kira wanzami ya yi masa aski ya gyara gemu, ya ce Luba ta fito da farar rigarsa ta Juma'a ta goge. Na tambaye shi ko baƙi za mu yi. Ya ce yana so in ka rufe ido a can, a haka za ka riƙa ganinsa.

Allah ya yi maka albarka, Bashiru. Allah ya tsare ka a mota, ya tsare ka a sama, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba mu da ido. Ya ba ka ilimin da mutanen fadama za su ci moriyarsa. Ya dawo mana da kai lafiya ka same mu duka. In kuma bai ƙaddara haka ba, ya tara mu a inda ba a sallama.

Wassalam.

Innarka,
daga Gummi.